Ina iskar da muke shaƙa take zuwa?

'Yar ƙanwata ce ta jefo mini tambayar, wata Asabar da yamma a gidanmu na Tudun Wada. Tana zaune kan tabarma da littafin bayoloji a cinya, jarrabawar fita sakandare ta ƙarato. Ta riga ta haddace cewa maitokondiriya ita ce gidan wutar ƙwayar halitta, ko cikin barci aka tashe ta za ta faɗa ba gargada. Sai ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ita iskar oksijin ɗin da muke shaƙa, ita ce ke komawa kabon dayoksaid mu fitar, ko?"

Na ce mata a'a, ruwa take komawa. Ta yi mini irin kallon da ake yi wa mai zolaya.

Alhali gaskiya na faɗa mata. Kabon dayoksaid ɗin da ke fita ta hancinmu ragowar tuwo ne da shinkafa, daga abinci ake ɓanɓaro shi. Oksijin kuwa, fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda jiki ya yi amfani da shi a maitokondiriya yake ƙarewa, ya haɗu da haidurojin ya zama ruwa. A kwana guda babban mutum yakan ƙera wajen mililita 300 ta wannan hanya, wato ya ɗan ɗara rabin ledar ruwan da ake sayarwa a bakin titi. To mutum yana numfashi kusan sau 20,000 a rana. Duk wannan wahalar don rabin ledar ruwa? Ai ko yaro ya san akwai wata a ƙasa. Ribar tana cikin abin da ya faru a hanya kafin ruwan ya samu.

Bari mu fara da kuɗin da jiki yake kashewa. Tuwon masarar da ka ci da dare, babu tsokar da za ta motsa da shi yadda yake, kamar yadda ba za ka tsayar da mai Keke a Kawo ka ce za ka biya shi da bijimi ba. Sai an sayar an yi canji. Canjin da ƙwayoyin jiki suka sani sunansa ATP, wani ɗan sinadari mai jelar fosfet 3 a jere, wanda Bajamushe Karl Lohmann ya gano a 1929. Da zarar an ɓalle fosfet na ƙarshe sai ƙarfi ya fito, tsoka ta motsa, ko jijiya ta kai saƙo. Abin da ya rage shi ake kira ADP, kuma ba yar da shi ake yi ba. Mayar da shi ake a sake liƙa masa fosfet, kamar batirin da ake kai wa mai caji a bakin layi. ATP ɗin da ke jikin mutum a kowane lokaci ko rabin kilo bai kai ba, amma wanda yake ƙerawa ya kashe a kwana ɗaya ya yi kusan nauyin jikinsa gaba ɗaya. Batiran ne dai ƙalilan, ana ta cajinsu sau ɗaruruwa. Babu rumbu, hannu baka hannu ƙwarya ake yi. Shi ya sa mutum zai yi makonni ba abinci, ya yi 'yan kwanaki ba ruwa, amma a toshe masa numfashi na 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Ita ƙwaƙwalwar nauyinta wajen kashi 2 cikin 100 ne na jiki, amma ita ke shanye kusan kashi 20 na oksijin.

Wurin cajin shi ne maitokondiriya. Carl Benda ne ya raɗa mata suna a 1898, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin zare da ƙwaya, saboda haka ya gan ta a madubin ƙara girma. Girmanta bai wuce na ƙwayar bakteriya ba, kuma ƙwayar hanta guda tana iya ɗauke da 1,000 zuwa 2,000. Tantani biyu ne suka lulluɓe ta. Na waje kamar rariya yake, ƙananan abubuwa na shiga suna fita. Na cikin kuwa a tsuke yake gam, kuma an ninke shi ninki bisa ninki, yadda ake ninke turmin atamfa mai yadi 6 ya shige 'yar jaka. A riƙe wannan tantanin na ciki da kyau, don a kansa labarin yake.

Sukarin da ya shigo ƙwayar halitta, tun a wajen maitokondiriya ake fara tsaga shi gida biyu. Ana kashe ATP 2 a samu 4, da ruwan ciki ake jan na rijiya, riba ta tsaya 2. Wannan matakin bai buƙatar oksijin. Da shi jajayen ƙwayoyin jini suke rayuwa, don su ba su da maitokondiriya ko guda, dakon oksijin kawai suke yi ba sa taɓawa. Da shi kuma ɗan ƙwallo yake cin bashi in ya kwasa da gudu a filin wasa na Ahmadu Bello, daga baya ka gan shi ya dafa gwiwa yana haki. Amma ATP 2 ba ya riƙe gida. Sai a shigar da gutsattsarin sukarin can tsakiyar maitokondiriya, inda suke faɗawa wani zagaye na sinadarai da Hans Krebs ya warware a 1937 a Ingila. Nan ake ta fige su, kabon yana zubewa yana fita a numfashi. Man gyaɗa da kitse da naman da ka ci, su ma ƙarshenta nan suke biyowa. Abin da ake nema a wannan figar shi ne ilektiron, waɗannan 'yan mitsi-mitsin da gudunsu cikin waya muke kira wutar lantarki. Akwai 'yan dako biyu da ke karɓarsu, NADH da FADH2. Na farkon da bitamin B3 ake ƙera shi, na biyun da B2.

Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Bakin Dogo ya ga ana sauke kankana daga babbar mota ya ga rabin abin da zan faɗa. Wani yana can ƙololuwar kaya, ya cilla wa na ƙasa da shi, shi ma ya cilla wa na gaba, har ta isa hannun na ƙarshe da ke jerawa a ƙasa. Da daga sama za a sako ta kai tsaye, fashewa za ta yi kowa ya yi asara. Ilektiron ma da za su faɗa kan oksijin lokaci guda, gobara za a samu, irin wadda ake samu in ashana ta haɗu da fetur. Sai aka jera musu tashoshi 4 a jikin tantanin ciki, kowane mai karɓa ya fi na bayansa kwaɗayin ilektiron. NADH yana sauke nasa a tasha ta ɗaya, FADH2 kuma a ta biyu. Daga nan wani ɗan aike mai yawo cikin maiƙon tantanin, wanda ake kira Q, ya kai su ta uku. (Shi ne ake zubawa a kwalba ana tallarsa da sunan maganin ƙarin kuzari, alhali jikin mai lafiya da kansa yake ƙera nasa.) Wani ɗan aiken, saitokurom c, ya kai su ta huɗu. Yawancin hannuwan da ke caɓe ilektiron a wannan layi na sinadarin ƙarfe ne, irin wanda ke cikin jini, a tasha ta huɗu kuma har da tagulla. A nan oksijin yake tsaye yana jira. Ya karɓi ilektiron 4, ya haɗa da haidurojin 4, ruwa ya fito. Aikinsa ke nan kaf. Shi ne mutumin ƙarshe a layin kankana, in ya bar wurinsa kowa ya tsaya da kaya a hannu, har na saman mota.

Har zuwa nan masana sun fahimta tun kafin 1960. Abin da ya gagare su shi ne yadda wannan gangarowar take komawa ATP. Kowa ya ɗauka akwai wani ɓoyayyen sinadari da ke karɓar ƙarfin daga tashoshin ya miƙa wa ADP hannu da hannu, tunda haka aka ga ana yi wajen tsaga sukari. Manyan ɗakunan bincike suka shekara da shekaru suna farautarsa. Wannan ya ce ya kama, a duba a ga ba shi ba ne.

A 1961 wani Bature ɗan Ingila, Peter Mitchell, ya fito ya ce su daina wahala, sinadarin babu shi. Ya ce yayin da ilektiron ke wucewa, tashoshin famfo ne, suna tura furoton daga tsakiyar maitokondiriya zuwa ɗaya gefen tantanin. Furoton, ba furotin na wake da nama ba, haidurojin ne da aka ƙwace wa ilektiron ɗinsa ya rage da caji. Yau mun san lissafin: a kan kowane ilektiron 2 da NADH ya kawo, tasha ta ɗaya tana tura furoton 4, ta uku 4, ta huɗu 2, jimla 10. Ta biyu ba ta tura komai, shi ya sa kayan FADH2 suke da araha, 6 kawai suke bayarwa. Furoton suka taru a gefe guda, suna son komowa, tantani ya hana. A wannan cunkoson, in ji Mitchell, ƙarfin abincin yake ajiye.

Na nuna wa 'yar tawa tankin ruwan da ke saman ginin maƙwabtanmu. In an kawo wuta, injin rijiyar burtsatse ya cika shi. An ɗauke wuta, ka buɗe famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi. Wa ya turo shi? Wutar ɗazu ce, ta koma tsawo ta zauna. In kana son babban misali, bi Kogin Kaduna ka gangara har Shiroro a Jihar Neja, inda aka datse shi aka kafa tashar lantarki mai megawat 600 da ta fara aiki a 1990. Ruwa a sama, bango a tsakiya, ƙofa ƙwaya ɗaya da aka dasa wa farfela. Bambancin kawai shi ne Shiroro damina ce ke cika mata tafki, ita kuwa maitokondiriya da guminta take ɗora nata ruwan. Kuma kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka. Bambancin caji tsakanin gefe da gefe milibolt 150 ne zuwa 180, ko fitilar hannu ba zai kunna ba. Amma kaurin tantanin wajen nanomita 5 ne, kuma nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. In ka auna wannan caji da wannan siranta, ya kai wajen bolt miliyan 30 a kan kowace mita, ƙarfin da sai a tsawa ake jin irinsa.

Ba a karɓi maganar Mitchell da hannu biyu ba. Masu ilimin sinadarai sun saba da abin da za su zuba a kwalba su auna, shi kuma ya zo musu da zancen bango da ciki da waje. Ga shi da ƙirƙiro kalmomin da ba kowa ke gane su ba. Ciwon gyambon ciki ya sa ya bar jami'ar da yake koyarwa, ya gyara wani tsohon gida a ƙauye can kudu maso yammacin Ingila da dukiyarsa, ya mai da shi ɗakin bincike, shi da abokiyar aikinsa Jennifer Moyle suka ci gaba da aune-aune. Gardama ta yi zafi shekaru. Gwajin da ni ya fi burge ni shi ne na 1974, na Efraim Racker da Walther Stoeckenius. Suka ƙera 'yan ƙananan jakunkuna na maiƙo, suka dasa musu abu biyu da ba su taɓa zama tare ba: famfon furoton mai aiki da haske daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwan gishiri, da injin ƙera ATP daga zuciyar saniya. Babu abinci, babu tashoshin nan 4. Suka haska fitila, ATP ya fito. Injin bai damu da wanda ya cika tanki ba, shi dai a cika. A 1978 aka ba Mitchell lambar yabo ta Nobel shi kaɗai.

Saura farfelar. A nan ne nake ganin ko wanda ya ƙi jinin bayoloji ya kamata ya ɗan tsaya. Injin da ake kira ATP sintes, da na ce farfela ba adon magana nake yi ba, juyawa yake yi da gaske. Gindinsa wani zobe ne da ke nutse cikin tantani, a jikin mutum da dabbobi irin su saniya yana da gurabe 8. Furoton ya shigo ta wata 'yar kafa, ya hau gurbi guda, zoben ya gusa, ya zagaya da shi ya sauke shi ta wata kafar a ciki. Daga zoben akwai wata karkatacciyar sanda da ta miƙe ta shige kan injin, wanda ke da baki 3. Sandar tana juyawa tana dannar bakunan bi da bi: wannan ya kama ADP da fosfet, wancan ya matse su su haɗe, na ukun ya buɗe ya saki ATP. Zagaye ɗaya, furoton 8, ATP 3. Kuma yana iya zagayawa fiye da sau 100 a daƙiƙa. Paul Boyer ne ya hango haka a Amurka tun ana yi masa kallon mai mafarki, John Walker ya fito da siffar kan injin a 1994 a Ingila, suka samu Nobel a 1997. A wannan shekarar dai wasu masana a Japan suka liƙa wa sandar wani dogon zaren furotin mai ƙyalli, suka zuba ATP, suka ɗauki hoton zaren yana wulwulawa a madubi. Gani ya kori ji. Wannan aikin baki ɗaya, daga tasha ta ɗaya zuwa farfela, shi ne littafi yake kira oksidetib fosforileshan, wato liƙa fosfet da ƙarfin da aka samu daga miƙa ilektiron ga oksijin.

Tashar da aka gina haka, ta hanya biyu take lalacewa: ko a tare layin, ko bango ya yi yoyo. Dukansu mun san su a Kaduna, sunayen ne ba mu haɗa ba.

Rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid. Sayanaid tasha ta huɗu yake zuwa ya maƙale a kan ƙarfen da oksijin ya kamata ya zauna. Huhu na aiki, jini cike da oksijin, amma babu mai karɓa, har jinin da ke komawa zuciya yakan fito ja wur don ba a sauke masa kaya ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Matan da ke ɓare rogo su jiƙa shi kwanaki, ko su gurza su matse a buhu su soya ya zama gari, wannan gubar suke kora, kuma sun iya tun kafin a san sunan tasha ta huɗu. Haɗarin yana zuwa ne in yunwa ko gaggawar kasuwa ta sa an taƙaita jiƙon. Hayaƙin janareta da na gawayi a rufaffen ɗaki ya fi wannan sharri a wurinmu, musamman da hunturu in an shigar da kaskon garwashi an toshe taga. Kabon monoksaid ɗin da ke ciki ba shi da wari ba shi da launi. Yana kama jan sinadarin jini fiye da sau 200 kan yadda oksijin ke kamawa, sannan ya bi sayanaid zuwa tasha ta huɗu. Masunta ma da ke daka magimfa su zuba a ruwa kifi ya taso, tasha ta ɗaya suke toshe wa kifin. Likitoci sun juya dabarar ta zama alheri: maganin atobakon yana toshe tasha ta uku ta ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ya ƙyale ta majiyyaci.

Yoyo kuwa labarinsa daban ne. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikatan masana'antar harsasai a Faransa suka riƙa ramewa suna zufa, wasu suka mutu da zazzaɓi mai tsanani. Sinadarin da suke taɓawa, DNP, yana ɗaukar furoton ya tsallaka da su tantani ba tare da sun bi ta farfela ba. Famfo na ta aiki, ana ta ƙona kitse, tanki ba ya cika, ƙarfin duka ya tashi a zafi. A 1933 aka fara sayar da shi a Amurka a matsayin maganin rage ƙiba, a 1938 aka hana bayan ya makantar da wasu ya kashe wasu. Har yau ana tallarsa a ɓoye a intanet, kuma babu makarinsa. Amma ga abin mamaki, jiki da kansa yana da irin wannan ƙofar, tasa mai sakata. Jariri sabon haihuwa bai iya rawar ɗari sosai ba. Sai aka ajiye masa wani kitse mai duhu a wuya da tsakanin kafaɗu, cike da maitokondiriya, masu wata kafa da ake buɗewa da gangan in sanyi ya taɓa shi. Furoton su kwarara, ATP bai samu ba, ɗumi ya samu. Bakwaini bai gama tara wannan kitsen ba aka haife shi, shi ya sa sanyin da ɗan wata tara zai jure shi yake kayar da shi, shi ya sa kuma ma'aikatan jinya ke cewa uwa ta manna shi a ƙirjinta fata da fata.

Da na kawo zancen uwa sai na tuna mata wani abu. Maitokondiriya tana da nata kundin gado daban da na ƙwayar da take ciki, ɗan zobe mai harufa 16,569 da ke ɗauke da umarni 37. Guda 13 daga ciki na ƙera sassan tashoshin nan ne da farfela. Dalili, kamar yadda Lynn Margulis ta kafa hujja a 1967 kuma masana suka amince daga baya, shi ne asalinta bakteriya ce mai zaman kanta da ta shige cikin wata ƙwayar ta zauna. Kuma ta wajen uwa kaɗai ake gadonta, ta uba ba ta wucewa. Na ce mata, "Kin ga ni da ke da mamanki iri ɗaya muke ɗauke da ita, ta Hajiya. 'Ya'yana kuwa da ke amsa sunana, ko guda ba su samu daga wurina ba." Ta ce lallai sai ta gaya wa Hajiya.

Sai ta koma kan abin da ya dame ta tun farko. Littafinta ya ce sukari guda yana ba da ATP 38. Tsohon lissafi ne, na lokacin da aka ɗauka NADH yana ba da 3 cif, FADH2 kuma 2. Da aka ƙirga furoton sai aka ga ba haka ba. Farfela tana cin kusan 3 kan kowane ATP, ana kuma kashe ƙarin 1 wajen shigo da fosfet da musayar ADP da ATP a bakin ƙofa. Furoton 10 a raba wa kusan 4, ya ba da wajen 2.5, 6 kuma ya ba da 1.5. Sukari guda yana cika NADH 10 da FADH2 2, ga ATP 4 da aka samu kai tsaye, jimla 32, ko 30 in an cire ladan shigo da kayan da aka loda a waje. Ko wannan ɗin ma sai in tantani bai yi yoyo ba, kuma kullum yana ɗan yi.

"To Kawu, a jarrabawa wanne zan zaɓa?"

Na ce in ta ga 38 a cikin zaɓin kuma babu 30 ko 32, ta ɗauka, kada ta yi gardama da mai maki. Ta rubuta 38 da biro, ta ɗauko fensir ta sa ƙaramin 30 a gefensa. Daga cikin gida mamanta ta ƙwala mata kira ta zo ta fitar da kaskon garwashi tsakar gida kafin a rufe ɗaki.